Makina a LSAT ya tsaya cik: in biya malamin lesin ko in ƙara jarrabawar gwaji?

Nafisa (Maryland):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawarar waɗanda suka riga ni bin hanyar nan nake nema. Ina shirin rubuta LSAT, jarrabawar da makarantun koyon lauya na Amurka da Kanada ke nema kafin su ɗauki mutum karatun JD, wato digirin lauya na can. Digirina na farko a fannin tattalin arziki ne, a gida Najeriya na yi shi. Yanzu ina aiki da rana, karatun sai da daddare da ƙarshen mako. Gwajina na farko 147 na samu, sannu a hankali na hau 154, daga nan ya tsaya cik. Duk Asabar ina yin cikakkiyar jarrabawar gwaji, amma wannan mako 153, mako mai zuwa 156, a sake dawowa 154. Ni kuwa 165 nake nema, don ba zan iya karatun nan ba sai da tallafin kuɗin makaranta. Na samu wani malamin lesin ta intanet, dala 120 yake karɓa duk awa ɗaya, ya ce in sayi awa 20 a dunƙule. Maigida ya ce in zai yi amfani a biya, amma ni na san abin da za mu haƙura da shi kafin kuɗin su fito. Lesin ɗin nan yana ɗaga maki da gaske, ko in ƙara yawan gwajin ne kawai?

Mubarak (Toronto):
Wa alaikumus salam. Yaya Nafisa, ki biya. Ki yi lissafi mana, ke da kika karanci tattalin arziki. Dala 2,400 ne gaba ɗaya. Manyan makarantu masu zaman kansu a Amurka kuɗin shekara ɗaya ya haura dala 70,000, karatun kuma shekara uku ne. Maki huɗu ko biyar kaɗai na iya raba wanda aka yafe wa rabin kuɗin da wanda aka ce ya biya duka. Ni da malami na yi nawa shirin. A zaman farko ya sa ni in warware tambaya ina faɗin tunanina da baki, nan take ya ce: kai ba ka tsayawa ka gano matsayar mai maganar, sai ka ruga wajen amsoshi. Da ni kaɗai ne da zan daɗe ban ga wannan ba.

Abdul-Jalal (Bronx):
Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ni ma na biya irin wannan dunƙulen. Mutumin makinsa ya haura 170, ba ƙarya, na ga takardar. Amma duk zaman da muka yi shi ne yake warware tambaya, ni ina kallo. A gabansa komai a fili yake, da na koma ni kaɗai sai in ga ina nan inda nake. Da na nemi a mayar mini da kuɗin sauran awoyin aka ce yarjejeniya ba ta ba da dama ba. Wanda ya iya cin jarrabawa daban, wanda ya iya koyar da ita daban.

Mubarak (Toronto):
To ai rashin dacen malami ne wannan, Malam Abdul-Jalal. Ba laifin lesin ba ne.

Abdul-Jalal (Bronx):
Na yarda. Amma ta yaya za ta san ta dace kafin ta zuba dala 2,400? Abin da nake faɗa ke nan.

Barista Sani (Kaduna):
Ku yi mini uzuri, ni tsohon zamani ne. 'Yata Nafisa, wace doka ce ake tambaya a jarrabawar, tunda kin ce ba lauya kika karanta ba? Mu a nan yaro JAMB yake rubutawa, da Turanci da adabin Turanci da wasu darussa biyu, ya yi shekara biyar a jami'a, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi. Idan dokokin Amurka ne ake tambaya, ai dole sai da malami.

Anti Bilki (Chicago):
Barista, barka da warhaka. Babu tambayar doka ko guda ɗaya a ciki. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, a kowane fanni, kafin ya shiga karatun lauya, shi ya sa jarrabawar ba ta auna abin da ka haddace. Tun 1948 ake yin ta, hukumar LSAC ce ke shirya ta, maki kuma daga 120 ne zuwa 180. A tsarin da aka fara a watan Agustan 2024 sashe huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 a tsakiya. Biyu na auna hujja ne: a ba ka gajeriyar magana, a ce ka nemo inda ta yi rauni, ko abin da zai ƙarfafa ta, ko abin da mai maganar ya ɗauka a ransa bai furta ba. Ɗaya na karatu da fahimta ne. Na huɗun ba a lissafa shi, suna gwada sababbin tambayoyi ne da shi, kuma ba za ka san wanne ne ba. Akwai rubutun insha'i da ake yi daban, ba a ba shi maki, amma ba za a saki sakamakonka ba sai kana da shi a ajiye.

Ƙanwata Nafisa, kafin in ce komai kan malami, ki amsa mini wannan. Ranar Asabar idan kin gama gwajin, me kike yi da shi?

Nafisa (Maryland):
Ina duba makin, Anti. Sannan in bi waɗanda na faɗi in karanta bayanin amsarsu. Yawanci da na karanta sai in ga ai a fili take. Kamar rabin awa yake ɗaukata. Sauran makon kuma ina yin tambayoyi barkatai a waya idan na samu sarari.

Anti Bilki (Chicago):
To ga inda makin ya maƙale. Kina ba gwaji wajen awa biyu da rabi, kina ba bita rabin awa. Kamata ya yi bitar ta fi gwajin tsawo nesa ba kusa ba. Auna hatsi sau goma ba ya ƙara mudu ko ɗaya. Jarrabawar gwaji awo ce, tana gaya miki inda kike, kuma ta riga ta gaya miki: 154. Wannan 153 da 156 da kike gani duk abu ɗaya ne, LSAC kanta idan ta ba da maki tana haɗa shi da tazarar 'yan maki sama da ƙasa, don ta san ana samun wannan hawa da sauka.

Ga yadda nake so ki gwada. Ki yi gwajin da agogo kamar kullum, amma duk tambayar da ba ki da cikakken yaƙini a kanta ki sa mata alama. Idan kin gama, kada ki duba amsa. Ki bari sai washegari, ki koma kan masu alamar nan ba tare da agogo ba. Kowace ɗaya ki rubuta da hannunki: mece ce matsayar mai maganar, da wace hujja ya kafa ta, ina giɓin da ke tsakaninsu. Sannan ki bi zaɓi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta dalilin da ya sa huɗu suka ɓaci. Ba wai "wannan bai kwanta mini ba", a'a, ki nuna kalmar da ta ɓata shi. Sai bayan nan ki buɗe amsa.

Abin da zai fito kashi uku ne. Akwai wadda kika faɗi da agogo amma kika ci da aka cire agogo: wannan kin iya, sauri ne ya rage. Akwai wadda kika faɗi a duka biyun: wannan ba ki fahimci irinta ba tukuna, karatu take so. Sai ta ukun, wadda ta fi haɗari, wadda ba ki ma sa mata alama ba don kin tabbata kin ci, ashe kin faɗi. Wannan tana nuna akwai wata hanyar tunani da kika amince da ita alhali tana kai ki rami. Kowane kashi maganinsa daban. Idan kika karanta bayanin amsa kika ce "ai a fili take", ba ki koyi komai ba, don duk amsa a fili take bayan an nuna maka ita. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: me ya ja ni zuwa ga wadda na zaɓa?

Ki samu littafi guda ki riƙa rubuta wannan. Bayan gwaji uku ko huɗu za ki ga kurakuranki ba su da yawan iri, 'yan ƙalilan ne suke maimaita kansu cikin kaya daban-daban.

Wani dalilin kuma da zai sa ki rage yawan gwajin: na ainihi, waɗanda LSAC ta taɓa amfani da su, ƙidayayyu ne. Suna nan a LawHub, shafin LSAC na intanet, 'yan kaɗan kyauta, sauran da kuɗin shekara. Duk wanda kika yi sau ɗaya ya daina zama ma'auni na gaskiya, don za ki tuna wasu amsoshin. Kada ki ƙone su duka tun kafin ki gyara matsalar.

Mubarak (Toronto):
Anti Bilki, duk abin da kika faɗa haka ne, ni ma na yi wannan bitar. Amma ki dubi kashi na ukun da kika ambata da kanki. Mutumin da tunaninsa ya karkace, da wane tunanin zai gano karkacewar? Da shi dai wannan ɗin. Dole sai wani daga waje ya ji yadda yake tunani. Aikin malami ke nan. Kuma Yaya Nafisa ma'aikaciya ce, ba ta da watanni shida na lalube.

Anti Bilki (Chicago):
Ban ce kada ta nemi malami ba, Mubarak. Cewa na yi ba yanzu ba. Idan ta je masa yau ta ce "makina ya tsaya", awoyin farko duk a binciken ciwon za su ƙare, a kan dala 120 kowace awa, alhali binciken nan za ta iya rabinsa da biro da littafi. Idan kuwa ta je da littafinta ta ce "ga tambayoyi 30 da na faɗi, 12 daga ciki iri ɗaya ne, kuma ga abin da na yi tunani a kowacce", to awa biyu za ta yi mata aikin awa goma. Inda muka saɓa da kai shi ne dunƙulen awa 20. Wannan kam ban goyi baya ba.

Nafisa (Maryland):
Anti, tun kafin in fara littafin ma na san iri ɗaya da ke kayar da ni. Waɗanda ake cewa idan kaza ya faru to kaza zai faru, ko kaza ba zai yiwu ba sai da kaza. Ina juya su. Na karanta bayani da alamomin kibiya har na gaji, da na shiga gwaji sai su cakuɗe mini.

Malam Habibu (Zariya):
Assalamu alaikum. Ni ban san wannan jarrabawa ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma abin da kika kwatanta mun karanta shi a usulul fiƙhu. Malamai suka ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke wajabta rashin abu, amma samuwarsa ba ta wajabta samuwar abin. Misalin da ake bayarwa kullum tsarki ne da salla. Salla ba ta inganta sai da tsarki. Idan aka ce miki sallar wane ta inganta, kin san yana da tsarki. Idan aka ce ba shi da tsarki, kin san sallarsa ba ta inganta ba. Waɗannan biyun kaɗai za ki iya cirowa. Amma idan aka ce wane ya yi alwala, ba ki da ikon cewa sallarsa ta inganta, wataƙila ma bai yi sallar ba, ko ya yi ta kafin lokaci. Haka idan aka ce sallarsa ba ta inganta ba, ba za ki yanke cewa tsarki ne ba shi da shi ba, ƙila alƙibla ya saɓa da gangan. Ko wannan ne abin da ake nufi?

Anti Bilki (Chicago):
Allah ya gafarta Malam, shi ne tsaf. Duk babin ke nan, da hanyoyi biyun da suka halatta da biyun da suke tarko. Nafisa, duk jimlar da ta rikita ki, ki tambayi kanki wanne ne tsarkin a nan, wanne ne ingancin sallar. Masu shirya jarrabawar suna yawan kafa tarkon farko: a nuna an cika sharaɗi ɗaya, sai a yanke cewa abin ya tabbata.

Nafisa (Maryland):
Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi tun a Islamiyya na san wannan, ban taɓa haɗa su ba.

Ummi (Kano):
Don Allah ku bari in shigo da tawa. Ina aji huɗu a tsangayar shari'a, kuma burina in ƙaro karatu a Amurka. Wata ƙawata ta ce in fara shirin LSAT tun yanzu. Da gaske ne?

Barista Sani (Kaduna):
Wannan kam zan iya amsawa. 'Yata, ke digirin lauya kike yi, don haka hanyar da aka saba bi ita ce LLM, digiri na biyu a fannin lauya, karatun shekara ɗaya, kuma ba a neman wannan jarrabawa a kansa. Ki gama digirinki da sakamako mai kyau, ki je Makarantar Horar da Lauyoyi, ko Bagauda aka tura ki ko Bwari ko Yola, a kira ki lauya tukuna. Jihar New York tana barin masu digirin lauya daga ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila su zauna jarrabawarta ta zama lauya bayan an tantance takardunsu, kuma sau da yawa LLM ɗin ne ke cike abin da ya rage. California kuma tana karɓar wanda aka riga aka kira lauya a ƙasarsa.

Ita kuma Nafisa ga abin da nake so ta sani tun yanzu. Idan wata rana kika dawo gida da JD ɗinki, ba za ki tsaya gaban kotu a Najeriya kai tsaye ba. Sai kin yi zangon farko da aka tanadar wa waɗanda suka yi karatu a waje, inda za a koya miki tsarin mulkinmu da dokar filaye da dokar laifuka da sauransu, sannan ki shiga zango na biyu tare da kowa.

Anti Bilki (Chicago):
Haka ne, Barista. Ƙari ɗaya ga Ummi: akwai masu digirin lauya na gida da suke zaɓar JD duk da haka, saboda yana buɗe ƙofar kowace jiha kuma manyan ofisoshin lauyoyi sun fi ɗaukar masu shi. Amma shekara uku ne da kuɗi mai nauyi, ga sha'anin biza da ya tsananta tun 2025. Ba abin da za ki fara shiri a aji huɗu ba ne. Makin ma shekara biyar kawai yake aiki.

Ummi (Kano):
Na gode ƙwarai. Hankalina ya kwanta.

Abdul-Jalal (Bronx):
Hajiya Nafisa, wani abu da za ki duba a wajen malamin nan: da wane kaya yake koyarwa? Har yanzu akwai masu raba tsofaffin littattafai da ke cike da wasannin dabara, irin na jera mutum bakwai a kujeru bisa sharuɗɗa. An cire wannan sashe gaba ɗaya tun Agustan 2024. Asalinsa ƙara ce da wasu makafi suka shigar, suka ce sashen sai da zane ake warware shi, aka sasanta a 2019. Da yawa daga cikin masu lesin da wannan sashe suka yi suna, don shi ne wanda ake iya koya wa mutum dabara ya cinye duka. Yanzu da babu shi, kashi biyu cikin uku na makin auna hujja ne, kuma shi ba ya jin dabarar dare ɗaya. Ki tambaye shi a wane tsari ya rubuta tasa, kuma ɗalibai nawa ya koyar a sabon.

Mubarak (Toronto):
Wannan tambaya ce mai kyau, ban musa ba.

Nafisa (Maryland):
To sashen karatu fa? A nan ba juya magana ce matsalata ba, lokaci ne. Nassi huɗu ne a sashen, ina kaiwa na huɗun saura minti uku ko huɗu, sai in cike da ka. Wani lokacin ina ji kamar don Turanci ba harshen da aka yi mini goyo da shi ba ne.

Anti Bilki (Chicago):
Cikewa da ka ɗin daidai ne, kada ki taɓa barin gurbi, ba a rage maki don an faɗi tambaya. Batun harshe kuma akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye miki ba, amma bai kai yadda kike zato ba. Nassoshin nan daga fannin shari'a da kimiyya da zamantakewa da adabi ake ɗauko su, an zaɓe su ne don su yi wa kowa nauyi, har ɗan ƙasa. Abin da na lura da shi a wajen mu da muka yi karatu a gida shi ne mun saba karatu don haddacewa, saboda jarrabawarmu ta saba cewa kawo abubuwa biyar. Sai mutum ya tsaya yana son riƙe kowane suna da kowace shekara. Ba a buƙatar haka, nassin yana gabanki, za ki iya komawa. Abin da za ki riƙe shi ne: ra'ayin wa ake kawowa a wannan sakin layi, marubucin yana tare da shi ko yana sukarsa, kuma me ya sa ya kawo wannan misali a nan. Bayan kowane sakin layi ki faɗa wa kanki aikinsa cikin kalma biyar, ko da Hausa ne.

Minti 35 a raba huɗu bai kai minti tara-tara ba. A matakin da kike, gara ki yi uku da kyau ki taɓa na huɗu, da ki yi huɗun duka a gurguje. Saurin zai zo daga fahimta. Wanda ya gane nassi ba ya karanta shi sau uku.

Mubarak (Toronto):
A nan kuma ban yarda ba, Anti. Mai neman 165 ba zai sadaukar da nassi guda ba. Tambaya shida ko bakwai ke nan fa.

Anti Bilki (Chicago):
A ranar jarrabawa ba za ta sadaukar ba, in sha Allah. Ina maganar watan nan ne da mai zuwa. Tsakanin 154 da 165 tambayoyi goma sha ne, kuma mafi arha a cikinsu su ne waɗanda take faɗi a nassi na ɗaya da na biyu saboda hankalinta na kan agogo. Ta fara kwashe waɗannan.

Nafisa, ga wani dalilin da ya sa nake matsa miki. Tunda digirinki na waje ne, LSAC ba za ta fitar miki da matsakaicin maki irin na jami'o'in Amurka ba. Za a tantance takardunki ne a ba su daraja da kalma, daga mafi kyau zuwa ƙasa da matsakaici. Ma'ana, lambar da makaranta za ta iya kwatanta ki da sauran masu nema da ita guda ɗaya ce, wannan makin. Ki shiga shafin kowace makarantar da kike so ki nemi rahoton da ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta wajabta musu wallafawa duk shekara, wanda ake kira 509. A ciki za ki ga makin tsakiya na waɗanda suka ɗauka, da yawan waɗanda aka ba tallafi, da ko tallafin mai sharaɗi ne da ake iya janyewa idan sakamako ya sauka. Daga nan za ki san ko 165 ce lambarki da gaske, ko 162 ta isa, ko sai 168.

Abdul-Jalal (Bronx):
Kuma kada ki yi rajista don kawai ki "gwada ki gani". Rajistar ta haura dala 200, sau biyar kawai aka yarda a rubuta cikin shekara biyar, sau bakwai a rayuwa. Makarantu suna ganin duk makin da kika samu cikin shekara biyar ɗin nan, ko da yake mafi girman ne suke sawa a rahotonsu. Ki bari sai gwajinki na gida ya zauna a inda kike so.

Barista Sani (Kaduna):
Ni dai abin da ya burge ni shi ne wannan tambaya ta "me ya ɗauka a ransa bai furta ba". Aikinmu ke nan a kotu kullum idan muna yi wa shaida tambayoyi. Bilkisu, ki ba mu misali ɗaya mu gani.

Anti Bilki (Chicago):
To Barista, ga wanda na ƙirƙira. "Manoman da suka shuka sabon irin masara sun fi waɗanda suka shuka tsohon iri samun amfani a bana. Saboda haka sabon irin ne ya ƙara musu amfani." Me mai maganar yake buƙata ya zama gaskiya?

Barista Sani (Kaduna):
Cewa ba wani abu daban ne ya bambanta su ba. Wanda ya iya sayen sabon iri wataƙila shi ne mai kuɗin taki, ko mai gona a fadama.

Anti Bilki (Chicago):
Kun ci, Barista. Hanyar tabbatarwa kuma ita ce a kore amsar a gani. Idan aka ce "taki ne kaɗai ya jawo bambancin", maganar ta rushe, to ashe tana buƙatar kishiyar hakan. Zaɓin da aka kore shi amma maganar ta ci gaba da tsayuwa, ba shi ba ne, komai kyansa.

Nafisa (Maryland):
Jama'a na dawo. Na yi gwajin Asabar, na yi bitar Lahadi da daren Litinin yadda Anti ta ce. Da agogo 155. Da na koma kan masu alama ba agogo, lissafin ya kai 163. Waɗanda na faɗi a duka biyun kusan rabinsu irin misalin masarar nan ne, na abin da ba a furta ba. Na sharaɗi kuwa biyu kaɗai na faɗi, misalin Malam Habibu na riƙa sawa a gabana. Akwai huɗu da na tabbata na ci ashe ban ci ba, kuma a uku daga ciki na zaɓi amsar da ta fi ƙarfin lafazi, mai "duka" ko "ba a taɓa ba", alhali maganar "wasu" kawai ta ce. Na rubuta wa malamin na ce ina son awa biyu kawai, a biya ɗaya-ɗaya, kuma ni zan riƙa warwarewa da baki yana saurare. Ya ce farashin awa ɗaya-ɗaya dala 140 ne.

Mubarak (Toronto):
Ma sha Allah, 163 ba agogo. Ni har yanzu ina ganin za ki buƙaci fiye da awa biyu, musamman a kan waɗancan huɗun. Amma ki fara da su ki ga kamun ludayinsa.

Anti Bilki (Chicago):
Dala 140 ɗin ba laifi, ki karɓa. Ki tura masa hoton shafukan littafinki kwana biyu kafin zaman, ki ce da su za a yi aiki. Idan kun zauna ki lura da wanda ya fi yin magana a cikinku. In shi ne, kada ki biya ta biyu. Wannan Asabar kuma kada ki yi cikakken gwaji. Ki ware tambayoyin abin da ba a furta ba guda 20 daga tsofaffin gwaji, ki yi su ba agogo, kowacce ki rubuta giɓin da hannunki kafin ki kalli zaɓin. Ki turo mini biyar da suka fi ba ki wuya ta akwatin sirri, zan duba su daren Lahadi idan na kwantar da yara.